Bokitin Kawu Genzo

Kafin ya sha shayin safe, Kawu Genzo yakan gangara bakin teku ya ɗebo ruwan gishiri a shuɗin bokiti. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wayarin tirelolin jan kwale-kwale a ƙauyenmu na Shima, kuma bai taɓa yarda da fitilar da ba ta kwana uku a bokitin nan ba. Ƙarshen watan nan zai rufe shago.

Mutum ne mai zargi. Waya ko sabuwa ce sai ya fere bakinta ya duba. Ƙarfen tirela ma bai yarda ya mayar masa da wuta ba, wai tsatsa munafuka ce, sai ya ja wa kowace fitila wayarta daban, ya liƙe da dalma. Rewayan da ba ya cewa “ai zai yi”, shi ne Genzo.

Bara zargin ya juyo kansa.

Tomie, mai nutso ta kamo awabi, dodon-koɗin tekun nan mai tsada, ta jawo tirelarta ran Talata. Asabar za a buɗe kamu, awa biyu tak, kuma duk tirelar da ba ta da wuta ba ta hawa titin dutsen da ke kai wa gaɓar. Ta dire masa fitilun LED biyu a kwali.

“Ɗaura min yau, Kawu. Ga shi an rubuta ruwa ba ya shiga.”

Ya jona musu batir, tsulum, ya jefa su bokiti. “Kwali ne zai shiga teku ko fitila? Dawo Juma'a.”

Nan take Tomie ta zarge shi. Masae, ƙanwar Genzo, ita ce babbar abokiyar gasarta a ruwa, ga kuma tirelarta a gefe tana jiran wuta.

“Tsohon nan, riƙe ni za ka yi ƙanwarka ta kwashe awabi?”

“Ke dai bakinki ya fi numfashinki tsawo.”

Kafin Laraba magana ta zaga kasuwar kifi, wai Genzo yana fifita ƙanwarsa. Tomie ta riƙa giftawa da rana tana leƙen bokiti, har zare ta ɗaura wa fitilunta kada a musanya.

Juma'a ya tsamo su a gabanta. Ɗaya garau. Ɗayar ya ɗaga wa rana: ga ɗigon ruwa yana yawo a cikin gilashi.

“Kai ka huda ta!”

Ya tsamo wata daga gindin bokiti, wadda ta yi mako a jiƙe, ya ɗaura, ya ce ta taka birki. Ja wur.

Asabar da hantsi hazon teku ya rufe titin dutse. A wata kwana barewa ta gifta, Tomie ta danne birki. Sai ƙarar tayoyi a baya. Motar ƙanƙara ce, ta tsaya taku biyu daga kwale-kwalen. Direban ya sauko.

“Iya, ban ga jirginki ba, ban ga motarki ba. Jar wutar nan kawai na gani.”

A gaɓa ta ga Masae zaune kan dutse da kayan nutso, ba kwale-kwale.

“Ina jirginki?”

“Yana gida. Fitilata ce a gindin tirelarki. Yaya ya ce babu wata jiƙaƙƙiya, wai in jira kwana uku.”

Tomie ta ce, “Shigo nawa, tsohuwar banza. Amma kada ki bi ni ramin awabina.”

Kawu Genzo, kai ne ka sha zagi a kasuwar kifi ba ka buɗe baki ba. Kai ne ka zargi waya da kwali da ƙarfe don mu koma gida da ranmu. Mun gode. Masu tasowa a sana'ar nan, ku jiƙa kafin ku ɗaura.

Bokitin kuwa, da aka ji zai rufe shago, Tomie ta riga kowa roƙa. Ya ce ta dawo bayan kwana uku, zai duba ko ta cancanta.