Tanti Balkissa, Mai Kitson Ƙarƙashin Hular Kwano

Duk ranar Juma'a, kafin maza su dawo daga masallaci, Tanti Balkissa ta riga ta shimfiɗa tabarma a falonta, can saman wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Za ta ajiye 'yar kujerarta, da kibiya, da mataji, da kwalbar man kaɗanya da ake kawo mata daga Maraɗi. Inda wata makitsiyar za ta jingine madubi, ita hular kwano take ajiyewa. Da la'asar sai ka ji bene ya ɗauki hayaniya, 'yan mata sun taso daga makaranta, suna hawowa suna musu da Hausa da Sinanci a haɗe. Tanti ba ta ɗaga murya. Ta nuna tabarma da kibiya, kowace ta san gurbinta.

Ni sunana Rekiya, Bakanuwa ce. Maigidana Alhaji Shehu yana sayen kaya a kasuwar Shisanhang yana aikawa gida. Wanda ya san ni ya san yabo ba ya yi min saurin fita, ko tuwo aka ba ni sai na sami abin cewa game da miyar. Amma yabon gwani ya zama dole. A ƙarshen watan nan Tanti za ta koma Maraɗi gaba ɗaya, yatsunta sun gaji, kuma ba zan bari ta hau jirgi ba tare da an faɗi abin da ta yi wa 'ya'yanmu ba.

Yaranmu a nan suka tashi, a ɗakuna marasa tsakar gida. Wajen wasansu ɗaya, ɗan filin siminti na bayan unguwa, inda suke tsere da takalmin taya. A nan wata Basiniya, Koci Liang, ta gan su, ta raba musu sanduna, ta koya musu hoki: a kora ɗan faifan roba da sanda har cikin raga. A tsakiyar mako suna yi a kan siminti, ranar Asabar kuma ta kai su filin ƙanƙara da ke saman wani katafaren kanti. Mu iyaye mata da muka san ƙanƙara a cikin zoɓo kawai, sai ga mu a zaune cikin rigunan sanyi muna kallon 'ya'yanmu suna gudu a kanta. 'Yata Saffana, wadda a gida sai ka yi magana sau uku kafin ta amsa, a filin nan ita ce mai ba da umarni.

To, ga inda aka yi kuskure, kuma kuskure ne irin namu. Koci ta ce kowace yarinya ta zo da hular kwano. Bahaushiya kuwa in za ta saya wa yaro takalmi, sai ta ƙara lamba, wai zai girma a ciki. Haka aka yi da hulunan. Ga kuma kitso. Wace uwa ce za ta bar 'yarta ta fita cikin mutane ba shuku? Sai a tara gashi a tsakiyar kai, a ƙara gashin doki, a jera duwatsu, a rufe da ƙaramin hijabi, sannan a ɗora hula a sama kamar murfin tukunya. Koci tana duba igiyar haɓa kullum, ba ta taɓa sakaci ba. Amma abin da ke ƙarƙashin hijabin ba ta gani, kuma kawaici ya hana ta cewa a buɗe.

Bayan wata ƙaramar Salla abin ya faru. Ummu Salma, 'yar Hajiya Mariam, ta zo da shukunta na Salla, hula na rawa a kanta. Ta yi karo da wata yarinya, hular ta zame baya, goshinta ya daki bakin katangar fili. Jini a kan farar ƙanƙara ba abin da uwa take mantawa ba ne. An ɗinke ta, Allah ya taƙaita, amma iyaye maza suka zauna suka ce an gama. Sai da Koci ta bi su shago-shago tana ba da haƙuri, sannan suka yarda a ci gaba bisa sharaɗi. Alhajina ne ma ya furta shi, a gabana da gaban Saffana.

"Ranar da na sake ganin jinin wata yarinya a filin nan, tawa ko ta wani, wasa ya ƙare."

Alhaji ba ya magana biyu. Tun daga ranar, duk Asabar da fargaba biyu nake zuwa kallo: kada kan 'yata ya fashe, kada kuma a raba ta da abu ɗaya da ya buɗe mata baki a ƙasar mutane.

A lokacin Tanti Balkissa ba ta da alaƙa da hoki ko ta anini. Ta biyo mijinta ne, Malam Munkaila, mai sayen wandunan jins a garin Xintang, tana yi wa matan unguwa kitso a gida. Ta je duba Ummu Salma, aka ba ta labari, sai ta ce a miƙo mata hular. Hajiya Mariam ta ce min Tanti ta juya ta, ta zura hannu ciki tana latsa soson, ta ce a ara mata. Maƙwabta sun shaida, kusan mako guda ana ganin dattijuwar nan tana shara, tana girki, tana shanya, da hular kwano a kanta. Malam Munkaila ya tambaye ta ko babur ta saya bai sani ba. Ta ce masa so take ta ji inda hular ke matsewa da inda take barin fili.

Abin da ta fito da shi ba kitson yayi ba ne, in faɗa muku gaskiya. Ƙananan layuka ne kwance luf da fatar kai, sun gangara baya, jelar ta sauka can ƙasan ƙeya inda bakin hula bai kai ba. Ba ƙulli, ba dutse, ba gashin doki. Ba ta ja da ƙarfi, don ta ce kai mai zafi ba ya yarda a ɗaure masa igiya. In ta gama sai yarinya ta sa hijabinta marar fil, a kifa hula, Tanti ta dafa saman da tafin hannu ta ce a girgiza kai. In hular ta motsa ita kaɗai, to ko kitson ne za a tsefe, ko hular ce ta yi girma.

Da ta kai wa Koci Liang yarinyar farko, abin dariya abin tausayi. Sinancin Tanti bai wuce gaisuwa da godiya da "meyo" ba, wato babu. Ta ja Koci ɗakin canza kaya, ta buɗe mata kan wata mai shuku, ta ce meyo. Ta buɗe na mai sabon kitso, ta ɗaga babban yatsa. Koci ta shafa kan yarinyar, ta sa hula, ta jijjiga, ta tsaya tana kallon Tanti. A makon nan aka sake gwada wa kowace yarinya hula a kan sabon kitso, manyan aka ajiye wa yayyensu.

Kada ku ɗauka mun karɓa hannu bibbiyu. Mun yi mita. Akwai wadda ta ce an mayar mata da 'ya kamar mai takaba. Akwai wadda ta yi wa tata kalaba da duwatsu don bikin suna ranar Lahadi, ta ce a daure a yi wasan Asabar a haka. Tanti ta zaunar da yarinyar, ta tsefe tas, ta aika wa uwar da duwatsun a leda, da saƙon cewa ta turo ta Lahadi da safe a mayar mata da su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ta mayar. Lokacin baje kolin Pazhou, da manyan hajiyoyi ke sauka daga Kano da Yamai kowace na neman a gyara mata kai, na sha ganin ta sallame su a bakin ƙofa, ta ce Juma'a ta ɗiyanta ce, su dawo gobe.

Ke ce, Tanti, da ba ki taɓa taka ƙanƙara ba, amma ba Asabar ɗin da ba a ganki a layin gaba da bargonki ba. Ke ce mai tsayawa a ƙofar ɗakin canza kaya kina dafa kai bayan kai kafin su fita. Ke ce kika san wadda ke ɓoye ciwon kai don kada a hana ta wasa, da wadda aka yi wa dariya a makaranta saboda fatarta, domin abin da yarinya ba za ta gaya wa uwarta ba, tana faɗa in kanta yana kan cinyar mai kitso. Uwar ɗiya ba da naƙuda ba.

Shekarun da suka biyo baya an faɗi, an gurje gwiwa, an yi targaɗe, amma ba a ga jini ba. Sai bara, da wata ƙungiyar 'yan mata ta zo daga birnin Shenzhen. Alhaji, wanda bai cika zuwa ba, ranar ya zo. Saffana ta bi faifai da gudu zuwa kusurwa, sandar wata ta shiga tsakanin ƙafafunta, ta tashi sama ta dawo ta baya. Ƙeyarta ce ta fara sauka. Ƙarar da na ji, har gobe tana cikin kunnena. Yarinya tana kwance ba motsi.

Ina jin Alhaji yana salati a bayana. Tanti ta damƙe min wuyan hannu.

"Maman Saffana, dubi hular," ta ce. "Tana nan inda na sa ta."

Na duba. Tana nan daram, ba ta zame ko kaɗan ba. Sai ƙafar Saffana ta motsa. Sai hannu. Da Koci ta durƙusa a kanta, muka ga bakinta yana motsi. Daga baya Koci ta gaya mana abin da ta fara tambaya: wai an ci su ne?

Aka kai ta asibiti, aka ɗauki hoton kai. Zaman jiran nan ban san yadda zan kwatanta shi ba, na karanta duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Likita ya fito ya ce ƙwaƙwalwa ta ɗan girgiza, za ta huta makonni ba wasa, amma ba fashewa, ba jini a ciki. Na sauke ajiyar zuciyar da na yi shekaru ina riƙe da ita, na zauna a ƙasan asibitin mutane na yi kuka, ban damu da mai kallo ba.

Saura magana ɗaya. Alhaji na tsaye jikin bango da hular a hannunsa. Bayanta ya tsage tun daga sama har ƙasa. Yana bin tsagar da yatsa. Saffana daga kan gado tana kallonsa, ni ina kallonsa. Jini dai ba a gani ba, amma wa zai hana uba ya ce ya ga abin da ya fi jini? Ya daɗe a haka, sannan ya taka wajen Tanti, ya ɗan rusuna.

"Hajiya, ba don ke ba, da wannan tsagar a kan 'yata take." Ya sake duban hular. "In likita ya sallame ta, ranar Juma'a ni zan kawo miki ita da kaina."

Tanti ta ja mayafi ta rufe fuska. Abin da ta iya cewa kawai, Allah ne ya tsare, ita kitso ta yi.

Da labarin tafiyarta ya fito a bana, tsohuwar fargabata ta dawo sabuwa. Wa zai karɓa? Mu iyaye mata kowa da shagonta, kuma na san halinmu, wata biyu ya isa shuku ya dawo. Juma'ar da ta wuce na hau benen nan da niyyar in roƙe ta ta ƙara ko shekara guda. Na tura ƙofa, sai na tarar da kujerarta da wata a kai. Ummu Salma ce, ta zama budurwa, tabon yana nan a goshinta, kibiyar Tanti a hannunta, kan Saffana a cinyarta. Bayansu wasu biyu suna yi wa ƙananan. Tanti na zaune a gefe da yatsunta a cikin ruwan ɗumi. Ashe tun da hannun ya fara yi mata ciwo take koya musu, ba ta gaya wa kowa ba.

Ummu Salma ta gama, ta kifa wa Saffana hula, ta dafa, ta ce girgiza. Hular ba ta motsa ba. Ta juya ta kalli Tanti. Tanti ba ta ko tashi ta duba ba, ta ce a kira ta gaba. Ni kuwa roƙon da na hau da shi, da shi na sauko.

Tanti Balkissa, mun gode. Allah ya huta da gajiya, ya ba yatsun nan lafiya, ya kai ki Maraɗi cikin aminci, ya tsare naki kamar yadda kika tsaya a kan namu. Ku kuma 'yan'uwa, a Guangzhou kuke ko a gida, in yaranku sun shiga wani abu da ba ku taɓa sani ba, kada hanawa ta zama dabararku ta farko. Ku karɓi abin ku juya shi, ku sa a kanku in ta kama, ku ga me sana'ar hannunku za ta iya yi a kai.

Alhaji ya so ya ba ta tsagaggiyar hular ta tafi da ita. Ta ce me za ta yi da ita a Maraɗi, ko awon gero ba za ta yi ba, a bar ta inda ake kitso. Tana nan rataye a falon Hajiya Mariam, inda tabarmar za ta koma. Duk uwar da ta kawo 'yarta tana mitar a yi mata shuku, Ummu Salma ba ta musu da ita. Sauko da hular take yi, ta miƙa mata ta riƙe.