Wutar da Na Binne a Gidan Malam Issaka

Cikin shekarun da na kwashe ina gashin nama a Dakoro, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar sunan ɗan Malam Issaka. Ku da kuke tsokanata kuna ce mini mai ga-ruwa, don ina ɗaura bido biyu, wato jarkokin ruwa, a bayan moto duk gidan da aka kira ni, yau za ku ji mafarin abin.

Cikin tsakiyar bazara ne. Sarkin Fawa, wanda shi ke raba mana aikin gidaje, ya tura ni wani ƙauye a hanyar Korahane in gasa raguna biyu. Malam Issaka makiyayi ne. Ina shiga gidan idona ya sauka kan wata rumfa da aka jibga wa harawa, wato busasshen ganyen wake. Ita ce abincin shanunsa har ruwa ya sauka, kuma a shekarar daji ya bushe ƙayau. In ta ƙone, sai dai ya kai shanun kasuwa suna ƙashi da fata.

Na yi aikina yadda nake koya muku. Na watsa rairayi sama na ga inda iska ta nufa, na ƙirga taku ashirin daga rumfar da darni, na share wurin, na tona rami marar zurfi. Ban yarda an zuba isansi, wato fetur, ba ko da wani baƙo ya miƙo kwalba, da kara na hura. Na kafa ragunan a itace gefen wuta yadda kitse ba zai ɗiga cikinta ba. Kafin azahar nama ya yi, jama'a suka ci suna sa albarka. Ni kuwa kaina ya yi girma, ba zan ɓoye muku ba.

Da na tashi kashe wuta na nemi ruwa. Matan gidan suka dubi juna. Rijiyarsu da nisa, da jaki ake jawo guga, kuma baƙi sun shanye randuna. Na ji kunya in ƙwace musu ɗan abin da ya saura. Sai na ɗauki shebur na tura rairayi kan garwashin, na daddanne har hayaƙi ya ɗauke. Na yi sallama na tafi.

Washegari da hantsi na koma, don na manta wuƙata. Sai na tarar an kewaye ramin da ƙaya, an kife tsohon daro a kai, an danne da dutse. Gefe guda Inna Hadiza, mahaifiyar maigidan, tana zaune a tabarma da sanda a hannun hagu.

"Sarkin wuta, ka dawo?" in ji ta. "Zo ka ga ajiyarka."

Ta sa na ɗaga daron, ta tona rairayin da sandarta. Garwashi ja wur, kamar yanzu na bar shi.

"Inna, wallahi na ɗauka ta mutu."

"Ɗana, mu da munka tashi a daji ba ashana, haka muke aje wuta in muna son ta kwana. Ba kashe ta ka yi ba, shimhiɗa ka yi mata."

Ta faɗa tana dariya, na ɗan taya ta don kunya. Sannan ta ba ni labari. Bayan la'asar maza sun raka baƙi, mata suna wanke-wanke a bayan ɗaki, kaji suka zo tonon maiƙo a ramin. Iskar bazara ta juya, ta mirgina garwashi ɗaya har gindin rumfa, inda harawa ta zuba a ƙasa. Ita kaɗai ta ga hayaƙin.

"Da mi kika kashe?" na tambaye ta.

Ta zaro hannun damanta daga cikin zane. Tafin ya tashi duka, ya yi ruwa. Ta ce ba ta ga lokacin neman wani abu ba.

Na ce in kira Malam Issaka in ba shi haƙuri. Ta girgiza kai.

"Na ce mishi a murhu na ƙone. In ya ji, gobe duk kasuwar Dakoro ta ji, kai kuma da wanga aiki kake ciyar da ɗiyanka. Kai dai tahi ka ɗebo ruwa."

Na ari jaki na tafi rijiya da kaina. Na zuba bido guda a ramin, na juya tokar, na ƙara wani, sai da na iya tura hannuna har ƙasa na ji sanyi. Daga nan na ɗauki Inna a moto zuwa likita aka wanke hannun aka naɗe. Yatsunta biyu ba su ƙara miƙewa sosai ba. Shanun kuwa sun ci harawarsu har damina, ko ɗaya ba a sayar ba.

Abin da na koya shi ne aikinmu ba ya ƙarewa da sauke nama. Kada ku bar gidan mutum sai kun zuba ruwa, kun juya, kun taɓa da hannu. Kada kuma ku dogara da ruwan masu gida, ku je da naku.

Inna Hadiza ta rasu shekara uku da suka wuce, ɗanta bai san gaskiyar ba. Bayan sadakar arba'in na je na gaya masa da bakina. Sai ya ce, "Ashe shi ya sa kullum take cewa kai za a kira." Har yau in na tura hannu cikin toka mai sanyi, tafin hannunta nake gani.