Na'urar da Ta Ƙi Yatsana

Har yau in na ji ƙarar injin matsar gyaɗa ta bayan katangarmu, sai raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye ba.

A tsakar gidana aka kafa ƙungiyar nan. Mu matan unguwa ne masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ni na ce mu haɗa kai, mu riƙa sarin gyaɗa da kaka tana araha. Da aka zo zaɓen shugaba na nuna aminiyata, wadda muke tare tun muna amare, don ta fi ni baki a gaban baƙi.

Ana nan sai wasu ma'aikata suka ce za a ba mu inji bashi, amma sai kowacce ta buɗe asusu a banki. Muka cika mota sai Ɗambatta, har da guɗa. A bankin kowacce ta ɗora yatsa a kan na'urar ɗaukar zanen yatsa, na'urar ta ɗauka. Da aka zo kaina ta ƙi ƙememe. Ma'aikacin ya juya hannuna ya ce, "Inna, zanen yatsunki ya shafe." To ina ba zai shafe ba? Shekara da shekaru ina dama tunkuza da zafinta!

A mota aminiyata ta dafa ni ta ce, "Yaya, wallahi ba mai taɓa injin nan sai da ke." Ni kuwa sakarya na yarda. Na ajiye sana'a, na bar lalle, kullum ina shafa man kaɗe, ina jiran zanen ya dawo. Masu sayen maina suka koma wani gida, ban damu ba.

Ashe sun cike gurbina da ƙanwar mijin aminiyar tawa, wadda ko gyaɗa ta soya sai ta ƙone. Ba wadda ta gaya mini. Da safe kawai na ji inji ya tashi. Na yi kuka, kukan takaici.

Bayan kwana biyu sai ga aminiyar tawa da sallama, ko kunya babu. Wai ƙulinsu fashewa yake a cikin mai. Ta ce, "Ki zo ki riƙa murza mana, Yaya, mu biya ki na yini."

Na ce ta gaida gida. Amma gero ya ƙare a rumbu, ga yara. Ranar Asabar na yafa mayafina na tafi gidanta, aka shimfiɗa mini buhu a bakin ƙofa, inda 'yan aikatau suke zama.