Na Je Gaida Sule, Na Tarar da Dagaci

Kano zuwa Wudil

Ana idar da sallar asuba na ɗauki ƙunshina na nufi tasha. Kakar 1956 ce. Abokina ɗaya a duniya, Sule, aka ce an naɗa shi dagaci a wani ƙauye gaba da Darki, bayan ya yi ta kai sukar yayansa har aka tuɓe shi. Ni dai so nake in gani ko har yanzu ina da aboki.

Na hau bayan wata akwalar mota, bisa buhunan gishiri. Direba ya leƙo ya ce, "Malam, riƙe hularka, ba na tsayawa don hula." Ba abokin hira, sai tunani. Muna makarantar Midil mun taɓa yin wani wasan kwaikwayo na Turawa, na jarumin da ya kashe sarkinsa ya haye gado, barci ya ƙaurace masa. Sule ya nace shi ne jarumin, har da kuka. Da aka tashi, da ƙyar aka raba shi da rawanin aro. Dariya muka yi ta yi masa a lokacin.

Wudil

Da hantsi muka haye gada. Na sayi soyayyen kifi don mu ci tare, tunda kwano ɗaya muka tashi muna ci. Na ari keke wurin wani malamin elemantare, na miƙa.

Ƙauyen

Bayan azahar na isa. Na tambayi wani tsoho gidan dagaci, ya ce, "Na da, ko na yanzu?"

Na ce na yanzu, ya nuna mini. A zaure na tarar da Sule, amawalin rawani har hanci. Na ce, "Sule!" Wani bafade ya taso: "Malam, a tuɓe takalmi, a ce ranka ya daɗe." Na tuɓe, na durƙusa.

Da la'asar aka kawo mini tuwo masauki. Na ce wa bafaden, "Dagaci ba zai zo mu ci ba?"

"Yayansa kam da kowa yake ci. Wannan kuwa ya ce manyan sarakuna ba a ganin cin abincinsu."

Ta ɓular zana na hango shi a tsakar gida, shi kaɗai, akushi a gabansa, bai ko buɗe ba. Ni ma na kasa ci, kifin kuwa almajiran gidan liman na aika wa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na yammacin nan ba.

Komawa

Da safe ya rako ni bakin zaure, ya rage murya: "Isa, tun da aka naɗa ni ba wanda ya kira sunana sai kai. Sake faɗa."

Na buɗe baki, sai ga fadawa sun kewaye mu, kowa ya zuba ido. Na ce, "Ranka ya daɗe."

Ya gyaɗa kai, ya koma ciki.

Na mayar da keke a Wudil, na iso Kano ana kiran magariba. Na gode wa mai keke da tsohon da ya nuna mini hanya, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya.