Ranar da aka yi wa Ustaza Ramla karo-karon harsashi

Har gobe ban manta da wata ranar Asabar ta watan Sha'aban ba, a shekarar da aka fito daga kullen korona, ranar da 'yan kulob ɗinmu suka so yin alheri suka kusa kashe gida. Shekarata ta tara ke nan a lokacin ina riƙe da makullin siton harsashi a wannan kulob na wasan harbi da ke Abhur, a gefen Jidda. Ku sababbin ma'aikata kuna yawan tambayata dalilin da ya sa wani tsohon farantin dabino yake jingine a saman kantata, kuma ba na bari a taɓa shi. To, ga dalilin.

Sai na fara da yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. A kulob akwai mudir, shi ne shugaba. Akwai mudarrib, mai horar da 'yan gasa. Akwai jami'in fili, wanda ba a ɗora yatsa a kan kunamar bindiga sai ya ba da izini. Sannan ni, mai sito. Dokarmu ita ce harsashi ko ɗaya ba ya fita ƙofar kulob. Ka saya a tagata, ka harba a fili, abin da ya rage ka dawo mini da shi in sa a akwatin da ke ɗauke da sunanka. Saboda haka ni kaɗai na san cikin kowa, kuma amana ce, ko mudir ba na faɗa wa sai da takarda.

A shekarar nan harsashi ya yi wuya a duniya baki ɗaya. Kayan da muke oda wata uku su iso, sai ga shi an haura wata takwas ana ce mana suna kan teku. Mudir ya sa doka, kwali biyu ga mutum a rana, kowane kwali harsashi hamsin. Wallahi dokar nan ita ta koya wa mutane ɓoyo. Wanda a da sai Juma'a zuwa Juma'a yake leƙo mu, sai ya koma zuwa kullum. Ya karɓi kwalinsa biyu, ya harba goma don kunya, ya miƙo mini saura yana cewa, "Abu Hamza, ajiye mini, ba a san gobe ba." Fili ya yi tsit kamar makaranta ranar hutu, akwatuna kuwa suna ta ƙiba. Daga baya ma kantar sayarwa ta ƙare ƙarƙaf, ya zama duk harsashin da ke ginin nan yana da mai shi.

Masu harbin nishaɗi ba su ji jiki sosai ba, su dai a ji ƙara a yi dariya a sha gahawa. 'Yan gasa ne suka shiga uku. A nan akwai abin da kowane mai sito ya kamata ya haddace: harsashin gasa zubi-zubi ake yin sa a masana'anta, kowane zubi da lambarsa, kuma a jikin kwali kaɗai ake buga lambar, ba a jikin harsashi ba. Kamar ƙosai ne, ƙulli ɗaya, mai suya ɗaya, amma kaskon safe daban da na hantsi. Ɗan gasa yakan gwada zubi biyar ko shida kafin ya sami wanda bindigarsa ta yarda da shi, daga nan ba ya canzawa. A nisan mita hamsin, inda tsakiyar allo ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, canjin zubi kaɗai ya isa ya mayar da goma ta koma takwas.

Ustaza Ramla malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata a unguwar Safa, haifaffiyar Jidda irina, kakanninmu duk da ƙafa suka zo hajji suka zauna. Shekara uku tana tashi daga aji ta tuƙo mota har Abhur ta kwanta a tabarmar harbi. Kulob zai tura mutum huɗu gasar da ake yi tsakanin kulob-kulob, an riga an tsayar da uku, gurbi na huɗu kuwa tsakaninta ne da wani likitan haƙori. Mudarrib ya ɗage gwajin har sau biyu yana jiran kaya, a ƙarshe ya ce halas, an gama jira, Asabar bayan La'asar, harbi sittin, wanda ya fi maki shi ne zai tafi. Likita yana da ajiyarsa. Ita kuwa atisaye ya cinye nata, saura harsashi arba'in da uku a kwali ɗaya, na zubin da lambarsa ta ƙare da bakwai-bakwai.

Labari ya kai kunnen Haj Adam, Bahaushen Sudan mai sayar da turare a Kurayyat, mutum mai faɗin ƙirji da faɗin murya, wanda tun da nake bai taɓa samun tsakiyar allo da gangan ba. Bayan Azahar ya tsaya a zauren shan gahawa ya daki tebur.

"Ya jama'a, aib ne wannan! 'Yarmu za ta rasa gasa akwatunanmu cike? Yalla, kowa ya kawo abin da ya sauwaƙa!"

Nan take wuri ya ɗauka. Sai ga layi a tagata, mutanen da wata shida ban ga sun fitar da kwali cikakke ba, kowa na cewa ba ni ɗaya, ba ni biyu. Daɗi ya kama ni, na shiga buɗe akwatuna. Ga kuskurena: ban ce wa kowa uffan a kan lambar zubi ba. Na ɗauka za su jera kwalaye a tebur, in na rufe taga in zo in zaɓo masu bakwai-bakwai. Na manta da wa nake tare.

Mu dai kun san yadda muke karo-karo, ko na biki ko na rasuwa. Ba a so a ga wanda ya ba da yawa da wanda ya ba da kaɗan. A nan kuma rufin asirin biyu ne, don duk wanda ya ajiye kwali biyar a tebur ya tona wa kansa cewa shi ne babban mai ɓoyo. Sai Haj Adam ya juye dabinon da ke faranti, ya rufe farantin da rawaninsa, ya ce kowa ya sa hannu ta ƙasa ya zazzage. Kwalayen kuma aka yayyage aka watsa a kwandon shara. Ustaza ta tafi salla ta bar kwalinta a tebur, Haj Adam kuma ya ce a fara da nata don albarka.

Da na kulle sito na iso, sai na tarar ana tafi. Haj Adam ya yaye rawani kamar mai buɗe lefe. Harsashi ya fi ɗari huɗu, tsibi guda yana ƙyalli, na gasa da na wasa, tsoho da sabo, duk a cakuɗe.

"Ina kwalayen?" na ce.

"Wane kwali kuma, ya sheikh? Harsashi ake harbawa ko kwali?"

Ban san lokacin da na ɗora hannu a ka ba. Na yi faɗa, ba zan ɓoye ba, na ce masa da turare ne zai juye oud da miski a kwalba ɗaya ya ce kyauta ya yi? Ana cikin haka Ustaza ta shigo. Ta dubi faranti, ta dubi inda kwalinta yake a da. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Haj Adam," ta ja kujera ta zauna. Wannan godiyar ta fi zagi ciwo. Da safe tana da arba'in da uku masu kyau, yanzu ba ta da ko ɗaya da za ta iya shaidawa, kuma saura awa ɗaya da rabi.

Na ruga wurin mudarrib. Ya ce, "Ma'alesh, ka yi haƙuri Abu Hamza, na ɗage sau biyu. Gobe zan miƙa sunaye. In ba ta da harsashi, likita ya wuce."

Ni kuwa na san inda bakwai-bakwai yake. Kwali goma sha huɗu, ba a ko ɓare su ba, a akwatin Ammi Ilyasu, wato Baffa Ilyasu. Dattijo ne da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa, a zamaninsa babu mai kama ƙafarsa a harbin kwance. Tun da aka sa doka bai fasa karɓar kwali biyu ba, bai kuma harba ko ɗaya ba. 'Yan kulob suna kiransa Banki a bayan idonsa. Ranar ma da ana layi bai tashi ba, yana can ƙarshen baranda da ƙaramin kofinsa. Ni kaina na sha zaginsa a zuci.

Ba ni da ikon buɗe akwatinsa, ba ni da ikon faɗa wa kowa abin da ke ciki. Sai na je na durƙusa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Ammi, yarinyar nan bakwai-bakwai take harbawa."

"Na sani. Ni na ce ta gwada shi bara."

"To, Ammi..."

"Da na sa a farantin can, da yanzu yana ina?" Ya kurɓi gahawa. "Na ji Adam ya ɗauko rawani, na ce bari mahaukata su gama. Je ka ɗauko huɗu. A cikin kwalinsu, ka ji ko? Kuma ka zo ka zauna kusa da ni in an fara."

Wallahi da gudu na tafi, ni da ke da ciwon gwiwa. Na kawo masa takarda ya sa hannu, na kai wa Ustaza kwali huɗu. Ta juya gefen kwalin ta karanta lambar, ta sake karantawa, sai ta rufe baki da hannu. Haj Adam ya fasa kabbara har jami'in fili ya leƙo ya ce a yi hankali.

Bayan La'asar aka kwanta. Minti goma sha biyar na gwada saiti, sannan harbi sittin. Bayan kowane mai harbi akwai allon talabijin da ke nuna inda harsashi ya faɗa, ga shi ƙato, taku uku daga inda muke zaune. Ban taɓa ganin barandar nan ta cika haka ba, kuma ba mai tari. Ustaza ta saki na farko.

Ammi Ilyasu ya taɓo gwiwata. "Nawa?"

Na ce goma. Na ɗauka hankalinsa ne ya tafi wani wuri. Ta saki na biyu.

"Nawa?"

Sai na juyo na dube shi sosai. Fuskarsa tana kallon allon, amma idon bai tsaya a kan komai ba, wani fari-fari ya rufe ƙwayar. Sai ya ce a hankali, "Shekara guda ke nan. In na daina karɓar kwali, za ku gane na daina harbi. In na daina harbi, me zai kawo ni nan? Faɗa mini, nawa?"

Haka na yi ta raɗa masa har sittin. Goma, goma, tara, goma. In na ce tara sai ya ce, "Iskar teku ce, ta jira tuta ta kwanta," kuma kamar tana jinsa sai ta jira. Likita ma ba kanwar lasa ba ne, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har harbi na hamsin da biyar, inda ya yi gaggawa ya jefa takwas. Saura uku Ustaza ta sauke bindiga ta share tafin hannu. Goma. Goma. Na ƙarshe ta daɗe a kansa har Haj Adam ya cusa gefen rawani a baki. Da ƙarar ta tashi ban raɗa ba, ihu na yi: "Goma, Ammi! Goma!" Ta wuce likita da maki biyu. Jami'in fili ya ce a sauke bindigogi, sannan baranda ta fashe. Likitan da kansa ya fara zuwa ya taya ta murna.

Ta zo ta durƙusa gaban Ammi Ilyasu da sauran kwalaye biyu. Ya ce ta riƙe, akwai goma a sito, na gasa ne, ya daɗe yana ajiye su bai san wa yake ajiye wa ba.

Tsibin farantin nan kuwa mudir ya ce a ba masu koyo su harba kyauta, sati biyu fili yana ƙara kamar da. Bayan wata biyu kaya suka iso, ɓoyo ya mutu da kansa.

Abin da na koya, kuma nake so ku riƙe, biyu ne. Kada ka raba harsashi da kwalinsa, ko da wa ya ce, ko da niyyarsa ta fi madara fari. Sannan in ka ga akwati ya cika, kada ka yi saurin cewa rowa ce. Ni na rubuta sunan Ammi Ilyasu a takarda kullum har wata bakwai, na miƙa masa kwali a hannu, ban taɓa ɗaga kai na dubi idonsa ba.

Har yau yana zuwa duk Asabar. Ba ya karɓar kwali yanzu. Kujerarsa tana ƙarshen baranda, kuma duk wanda ke aiki ranar a cikinku, in an fara harbi, ya je ya zauna kusa da shi ya faɗa masa nawa.