Hancin Baba Sunsuna

Kullum da safe Baba Sunsuna yakan ɗaga ƙofar ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar bene, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera sukuddirebobi, sannan ya zauna yana murza yatsunsa har su yarda su lanƙwasu. Gyaran kwamfuta ne aikinsa tun gashinsa na baƙi. Sunan kuwa maƙwabta ne suka laƙaba masa, don duk wanda ya ce kibod ya daina aiki, sai Baba ya kai hanci ya sunsuna tukuna. Ya gaji da tambayar ko wani abu ya zube a kai, kowa rantsuwa yake yi cewa babu abin da ya zube.

Bana dai jiki ya ce ya isa. Hannu na rawa, ido ya yi rauni, ciwon baya kuwa ba a magana. Ya riga ya gaya wa mai gidan zai bar shagon, sai ga wata mata rungume da kwamfuta, idonta jawur.

"Baba, ta mahaifina ce. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara magana ba, da yatsa ɗaya yake rubuta mana abin da yake so. Yanzu ko madanni ɗaya ba ya aiki, wurin shafa yatsan ma shiru."

Baba ya sunsuna. "Shayi ne, kuma ya ji sukari."

"'Yata ce ta zubar, na hana ta shiga ɗakinsa. Shi kuma tun ranar ya ƙi abinci, sai harara."

Baba ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa, shiru. Ya jona mata wani kibod na waje, ya yi aiki tsaf. Matar ta girgiza kai, ta ce yatsan tsohon bai san kowane kibod ba sai nasa. Baba ya ja dogon numfashi, ya kwance bayan kwamfutar, ya cire batir. Shayin ya daskare a bakin siraran wayoyin nan masu faɗi. Ya wanke su da sifirit, amma mayar da su ya zama aiki, yana kaiwa hannu na kaucewa. Telan da ke kusa ya rantse ya ga Baba ya sa hannun hagu ya damƙe na dama, gumi na ɗiga a tawul, har wayar ta shiga. Madannai suka dawo aiki, matar ta tafi da kwamfutar gida.

Washegari matar ta dawo riƙe da hannun yarinyar. "Baba, ka san abin da ya fara rubutawa? 'Ni na ture kofin. Ku dawo min da jikata.'"

Baba Sunsuna, kai ne ba ka taɓa cewa "sai an canza" ba kafin ka buɗe ka duba. Wallahi mun gajiyar da kai, mun yi ta yi maka ƙarya, ka yi ta gyarawa ba ka tona mu ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu tasowa a sana'ar nan, ku riƙa tambayar me kwamfuta take yi wa mai ita kafin ku ce ta mutu.

An dai rufe shagon. Yarinyar ta koma kai wa kakanta shayi, amma yanzu a kofi mai murfi.