Takalmin Aulis da Jirgin Asabar

Matso kusa da murhu, ga kofi, in ba ka labarin Aulis Kemppainen na filin jirgin garinmu a arewacin Finland.

Shekara talatin da ɗaya yana share titin jirgi. Da kaka ta shigo, kafin dusar ƙanƙara ta fara zuba, zai sa a kakkafa jajayen sanduna gefen fitilu don kar motocin shara su take su. Sannan ya jera direbobinsa shida su yi ta sharar busasshiyar kwalta, wai gwaji.

"Maigida, me muke sharewa?" in ji Reijo, direban da ke bin bayansa.

"Lalacin da kuka tara da bazara."

Akwai motar auna santsi, mai tsada kuwa. Amma in ta gama aunawa sai Aulis ya sauko ya goga tsohon takalminsa a ƙasa, kamar mai kashe guntun taba. Reijo ya ce ranar da takalmin nan ya yage sai a rufe filin.

Matarsa Kerttu ba ta taɓa hawa jirgi ba, sai bara ta yi niyyar hawa da 'yarsu ta haihu a Helsinki. Za a raɗa wa jaririya suna a coci ranar Lahadi da safe, jirgi ɗaya ne kuma ya rage, na Asabar da rana. Ta toya burodin kirfa cike da jaka, ta zauna a ɗakin jira tun sha ɗaya.

Sai ga ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa. Suka share, suka watsa maganin narkar da ƙanƙara, suka sake sharewa. Motar auna santsi ta ce da dama-dama. Aulis ya goga takalmi, ƙafarsa ta tafi ta bar shi, ya zauna daɓas.

"Ko mu ƙara aunawa?" in ji Reijo. "Uwargida fa na ciki."

"Na san inda take. A rufe filin."

Da kansa ya je ya gaya mata, hula a hannu, gindin wando a jiƙe. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsoho, kai ka rufe ko injin?"

"Ni ne."

"To, kai za ka tuƙa. Ɗauko jakar."

Kilomita ɗari takwas suka yi a mota, ta hana shi burodin ko ɗaya, ta ce na baƙi ne. Sun shiga cocin ana waƙar farko.

Kai da ka san matarka na ɗakin jira, da ka ƙara aunawa?